Yadda Ake Saka Fitilun Tarago Masu Aiki da DCC a Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Idan ka kashe fitilar ɗaki ka saki ƙaramin jirginka a kan layi, tagogin taragu suna wucewa ta gaban tasha ɗaya bayan ɗaya da haske a cikinsu, a nan ne abin yake daina zama kayan wasa a idonka. Na yi wannan aiki a taragu masu yawa, na sikelin HO da OO da 'yan kaɗan na N, wato ma'aunan girman ƙananan jirage, N ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma zan faɗa maka tun yanzu cewa kunna fitilar ba shi ne wahala ba. Inda gizo ke saƙa shi ne hasken ya tsaya cak, kada ya riƙa ƙiftawa duk sanda taya ta taka ƙura ko ta haye mahaɗar layi, sannan kada ya yi ƙarfi har ya kashe ido. Abu biyu ke kawo wannan: tayoyi su ɗauki wuta da kyau, fitilu kuma su ci wuta kaɗan. Duk sauran aikin a kan waɗannan biyun ya rataya.

Bayanin nan na layi mai dogo biyu ne. Mai tsarin kamfanin Märklin, inda wuta ke bi ta tsakiyar layi, hanyar ɗaukar wutarsa daban ce, ko da yake sauran matakan za su yi masa amfani.

Kayan da za ka tanada

- Dikodar fitila. Dikoda ɗan allon lantarki ne da ke karɓar umarni daga layi. Ta fitila ƙarama ce, marar wayoyin motar da ke juya taya, mai hanyar fita biyu ko huɗu. Kamfanoni irin su ESU, Zimo, Lenz, Digitrax da TCS duk suna yin ta. Idan kana da tsohuwar dikodar kan jirgi da ka cire, ita ma za ta yi.
- Fitilun LED. Ko dai ɗan zaren nan mai gam a baya na volt 12, ko ƙananan LED guda-guda masu lamba 0603 ko 0805 waɗanda aka riga aka liƙa wa waya.
- Rezisto kala-kala: ohm 100, 220, 1000, 2200 da 4700. Masu kwatan watt sun isa.
- Kafasito na mikrofarad 470 zuwa 1000, mai jure volt 25. Kada ka sayi mai 16.
- Dayod 1N4007.
- Tayoyin ƙarfe, idan na taragonka roba ne.
- Siririyar wayar tagulla mai tsauri irin ta fosfo, kaurin milimita 0.3 ko kusa da haka, da ɗan guntun allon lantarki mai fuskar jan ƙarfe.
- Siririyar waya mai laushi irin ta dikoda, ja da baƙa da shuɗiya.
- Ƙarfen narka dalma mai siririn baki, da dalma ta aikin lantarki. Banda ruwan dalma mai asid, yana cin ƙarfe daga baya.
- Mita mai auna volt da ohm, wadda ke ƙara idan waya biyu sun haɗu.
- Hantsaki, ƙaramar filaya, ƙaramin sukuddireba, tsofaffin katunan roba biyu ko uku, robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, salatef mai gam fuska biyu, baƙin fenti da fari, da sifirit na goge taya.

Abin da ya kamata ka sani game da wutar layin bai da yawa. A tsarin DCC, wato sarrafa jirgi da saƙon da ke bi ta cikin wutar layi, wanda ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ma'auni a farkon shekarun 1990 bisa aikin kamfanin Lenz na Jamus, layi yana ɗauke da wuta kullum, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. A HO da OO takan kai volt 14 zuwa 16, a N kuma wajen 12. Wutar tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma cikin wannan juyin ne saƙon umarni yake. LED ba ta son wuta mai juyawa, don haka ba a jona ta kai tsaye da layi. Dikoda ce ke miƙar da wutar, ta saurari adireshinta, wato lambar da ake kiran ta da ita, ta kunna ko ta kashe.

Mataki na 1: Yanke shawarar dikoda nawa

Kafin ka taɓa sukuddireba, dubi yadda kake tafiyar da taragunka. Idan kana yawan raba su, yau wannan a nan gobe a can, kowane tarago yana bukatar dikodarsa da tayoyinsa masu ɗaukar wuta. Idan kuwa jerin taragu ne da ba sa rabuwa, dikoda ɗaya ta isa. Sai ka sa ta a tarago guda, ka ja waya biyu zuwa sauran ta mahaɗai masu wuce da wuta, irin waɗanda Roco da Viessmann suke yi, ko ta ƙananan fulogi masu baki biyu a ƙarƙashin ƙofar da ke tsakanin taragu.

Ni na fi son hanya ta biyu ga dogon jeri, ba don tsimin dikoda kaɗai ba. Duk taragon da ka sa wa abin gogar taya ka ƙara masa nauyin ja, kuma taragu takwas masu goga suna iya hana ƙaramin kan jirgi hawa tudu. Amma ga aikinka na farko, ɗauki tarago ɗaya tak, wanda ba za ka yi baƙin ciki ba idan ya sami ƙwarzane.

Mataki na 2: Buɗe tarago

Yawancin taragu ƙugiyoyin roba ne ke riƙe gangar jiki da ƙasan, wasu kuma sukurori ne a ɓoye ƙarƙashin ƙafafu. Ka ɗan buɗa gefe da farce, ka cusa katin roba, ka bar shi a wurin, ka matsa gaba ka cusa wani. Kada ka banƙara da sukuddireba, yana barin tabo a fenti kuma yana karya ƙugiya. Da ka buɗe, ɗauki hoto da wayarka, ka kuma yi alama da fensir a ciki don ka san gaba da baya, domin kujeru da gilashin taga sau da yawa fuska ɗaya kawai suke shiga.

Mataki na 3: Ɗauko wuta daga tayoyi

A nan za ka fi daɗewa, kuma ya cancanci haka.

Fara da gane irin tayoyinka. Sa mita a kan ƙara, ka taɓa taya ɗaya da sandar da ke tsakanin tayoyin biyu, sannan ka taɓa ɗayar. Sau da yawa za ka tarar taya ɗaya tana haɗe da sanda, ɗayar kuma an raba ta da ɗan zoben roba a cibiya. Wasu duka biyun a rabe suke. Idan roba ce gaba ɗaya, sai ka canja su da na ƙarfe masu faɗi ɗaya da tsawon sanda ɗaya. Auna tsohuwar sanda kafin ka saya, domin bambancin rabin milimita yana sa taya ta cije ko ta yi lako-lako.

Hanya mafi sauƙi ita ce gogar sanda. Tarago yana da ƙafafu biyu masu juyawa, gaba da baya, kowace da sanduna biyu. Ka jera tayoyin ƙafar gaba yadda masu haɗe da sanda duk suna kan dogon dama, na ƙafar baya kuma duk suna kan dogon hagu. Sai ka yanka ɗan allon jan ƙarfe, ka manna shi a tsakiyar ƙafar daga ƙasa, ka liƙa wayar tagulla a kansa da dalma yadda bakinta biyu za su kwanta a kan sandunan biyu. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne juya sanda ɗaya a ƙafa guda. Da ka ɗora taragon a layi sai na'urar umarni, wato wadda ke ba layi wuta da saƙo, ta ɗauke wuta, domin wayar tagullar ta haɗa dogon dama da na hagu. Saboda haka kafin ka kai shi layi, taɓa tayar dama da ta hagu da mita a kowace ƙafa. Idan ta yi ƙara, akwai sandar da ta juya.

Raunin wannan hanya shi ne taya biyu kacal ke ɗaukar wuta daga kowane dogo. Hanya ta biyu ta fi ta: ka raba allon jan ƙarfen gida biyu ta hanyar yanka fuskarsa a tsakiya da wuƙa, ka liƙa waya ɗaya a kowane ɓangare, ta dama ta gogi bayan tayoyin dama, ta hagu ta gogi bayan na hagu. Ta haka duk tayoyi takwas suna aiki. Ita nake yi wa taragon da ke ɗauke da dikodar jeri guda, tunda shi ne ke ciyar da sauran.

Yawan matsin shi ne sirrin. Wayar ta taɓa ƙarfe kawai, kamar yadda gashin burushi ke taɓa takarda. Ka bar ta da ɗan tsawo, domin doguwar waya ta fi laushi, kuma ka sa ta gogi kusa da cibiyar taya maimakon bakinta, a can ja ya fi sauƙi. Gwajina kullum ɗaya ne: in ɗora taragon a miƙaƙƙen layi in ɗan tura shi da yatsa. Idan ya gangara ya tsaya a hankali, ya yi. Idan ya tsaya nan take, ko na ga wata taya tana jan ƙasa ba ta juyawa, sai in sassauta. Tayar da ba ta juyawa tana tara datti a wuri guda, ga shi kuma tana cinyewa.

Daga allon, ja siririyar waya mai laushi zuwa cikin tarago. Huda ramin kusa da inda ƙafar ke juyawa, domin a nan motsi ya fi ƙanƙanta, ka kuma bar wayar da ɗan sako-sako. Wayar da aka ja ta yi tsam tana hana ƙafa bin kwana, jirgi ya yi ta sauka daga layi kana neman dalili a wani wuri. Jar waya ta dogon dama ce, baƙa ta dogon hagu.

Ka kuma duba nauyi. Tarago marar nauyi ba ya danne tayoyinsa a kan dogo. Shawarar NMRA ga HO ita ce giram 28, a ƙara giram 14 ga kowane inci na tsawo, wato tarago mai santimita 30 zai kai wajen giram 200. Ba dole ne ka kai nan ba, amma idan naka bai kai rabin haka ba, manna ɗan ƙarfe a ƙasa, ka rufe shi da salatef kada ya taɓa waya.

Mataki na 4: Toshe yoyon haske

Robar tarago siririya ce, haske yana ratsa ta. Ka haska tocilan a cikin gangar jikin a ɗaki mai duhu, za ka ga rufin da bango suna ja kamar garwashi. Cire gilashin taga idan yana ciruwa, ka shafa baƙin fenti a ciki, ya bushe, sannan ka bi da fari ko ruwan madara a rufin don ya maido da haske ƙasa. Idan gilashin a manne yake, kada garin neman gira a rasa ido, bar shi, ka yi wa rufin kawai, ka manna baƙar takarda a inda ya rage. Tun da tarago a buɗe yake, yanzu ne lokacin yi wa kujeru fenti da zaunar da fasinjoji, domin da zarar haske ya shiga, duk abin da ke ciki zai fito fili.

Mataki na 5: Shirya fitilu

Launin haske ya bi zamanin taragon. Tsofaffin taragu na zamanin tururi suna son fari mai ɗumi, mai ɗan rawaya, wajen kelbin 2700 zuwa 3000. Na zamani masu dogayen fitilu suna ɗaukar fari tas. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi bai dace da kowanne ba.

Idan zaren LED ka samu, za ka ga fitilun uku-uku suke, kowane rukuni da rezistonsa, kuma akwai alamar inda ake yankawa. A nan kawai za ka yanka. Mai fitila 60 a mita ɗaya yana yankuwa duk santimita 5. Taragon Turai mai mita 26.4 yana zama santimita 30 da 'yan kai a HO, don haka rukuni biyar za su shiga. To ga lissafin da mutane ba sa yi: kowane rukuni yana cin kusan miliamfiya 20 a volt 12, biyar sun ci 100 ke nan, wanda shi ne iyakar hanyar fita ɗaya a dikodoji da yawa. Taragu goma sun cinye amfiya guda, alhali na'ura irin NCE Power Cab amfiya 2 take bayarwa gaba ɗaya, Z21 ta Roco kuma 3. Kuma hasken zai yi yawa ƙwarai.

Maganin duka rezisto ɗaya ne. Sa mai ohm 1000 a kan waya ɗaya da ke shiga zaren, cin wutar tarago duka zai sauko wajen miliamfiya 5. Da mai 2200 ya sauko rabin haka. Ni da 2200 nake farawa, in duba a ɗaki mai duhu, sannan in duba da fitilar ɗaki a kunne. Ma'aunina shi ne in ga fasinja ta taga, amma kada haske ya zubo a kan tsakuwar gefen layi. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha da dare ya san jirgin gaske ba ya haska filin da yake wucewa, tagogi ne kawai suke ɗan ci.

Idan LED guda-guda kake da su, kowace da rezistonta. Lissafin ba wuya: cire volt 3 da farar LED ke ci daga volt ɗin da dikoda ke bayarwa, ka raba da wutar da kake so. Volt 14 a cire 3 saura 11, a raba da miliamfiya 5 ya ba ka ohm 2200. Da 4700 za ka sami ɗan sama da miliamfiya 2, kuma LED ta yanzu tana haske sosai a haka. Wannan hanya ta fi dacewa da taragu masu ɗakuna, inda kake son fitila ɗaya a kowane ɗaki. Ka manna tsiri biyu na salatef ɗin jan ƙarfe a tsawon rufin su zama manyan wayoyinka, ka riƙa liƙa fitilun a tsakaninsu. Idan babu shi, waya tsirara guda biyu da aka manna nesa da juna sun wadatar.

Ƙananan ƙwan fitila na da, masu zare a ciki, ka bar su. Na taɓa barin wani tarago mai irinsu a tsaye a tasha yini guda bayan na koma DCC, na manta cewa yanzu layi ba ya mutuwa idan jirgi ya tsaya. Da yamma na tarar rufin ya lotsa a wuri uku, daidai kan kowane ƙwai, kuma taragon nan ba a ƙara yin irinsa ba. Har yau yana cikin akwati.

Mataki na 6: Jona dikoda

Launin wayoyi a tsare yake, kuma kusan duk kamfanoni suna bin sa:

- Ja: dogon dama.
- Baƙa: dogon hagu.
- Shuɗiya: wayar gama-gari, ita ce mai alamar +.
- Fara: fitilar gaba, maɓallin F0 na na'urar umarni idan ana tafiya gaba.
- Rawaya: fitilar baya, F0 idan ana tafiya baya.
- Koriya: yawanci maɓallin F1.
- Shunayya: yawanci F2.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne shuɗiyar. Mutum yana zaton waya ta gama-gari ita ce mai alamar −, alhali a nan akasin haka ne. Shuɗiya za ta tafi ɓangaren + na fitila, wayar aikin kuma, koriya ko fara, ta tafi ɓangaren −, rezisto yana kan ɗaya daga cikinsu. Idan ka juya, sau da yawa babu abin da zai ƙone, fitilar ce kawai ba za ta kama ba. Abin da ke kashe dikoda nan take shi ne shuɗiya ta taɓa wayar aiki kai tsaye ba fitila ba rezisto a tsakani, ko ɗaya daga cikinsu ta taɓa ja ko baƙa.

Fitilun ciki ka ɗora su a kan koriya. Fara da rawaya suna bin fuskar tafiya, don haka idan ka yi amfani da fara, duk sanda ka juya akalar jirgi sai taragon ya yi duhu. Su ka ajiye wa jar fitilar wutsiya a tarago na ƙarshe. Duk wayar da ba ka yi amfani da ita ba, rufe bakinta da robar zafi, kowace daban. Idan tsohuwar dikodar kan jirgi ce, haka za ka yi wa ruwan lemo da ruwan toka, wayoyin mota.

Ɓoye dikodar a banɗakin tarago, ko ɗakin kaya, ko wajen ƙofa inda babu taga, ka manna ta da salatef mai fuska biyu. Kada ka naɗe ta da baƙin salatef, tana bukatar iska. Idan kana son rufin ya riƙa ciruwa ba tare da yanke waya ba, sa ƙaramin fulogi tsakanin dikoda da zaren fitila.

Ga masu dikoda ɗaya a jeri: shuɗiya da koriya za ka wuce da su zuwa sauran taragu, kowane tarago da rezistonsa. Taragu takwas a miliamfiya 5 sun ci 40, ba su kai iyaka ba. Wasu suna wuce da ja da baƙa don duk tayoyin jeri su taru su ɗauki wuta. Yana aiki, amma ranar da aka juya tarago ɗaya ja za ta gamu da baƙa, kuma idan layinka yana da madauki mai juya jirgi, jerin da ya fi sashen juyawar tsawo zai haɗa wuta a bakin gaɓa biyu lokaci guda.

Mataki na 7: Saiti, kafin kafasito

Da gangan na sa wannan kafin kafasito, domin kafasito yana shanye 'yar wutar layin saiti, wato guntun layi na daban da ake rubuta wa dikoda saiti a kansa, ya hana rubutu shiga ko karatu fitowa.

Ɗora taragon a layin saiti, shi kaɗai. Wutar can kaɗan ce, idan akwai kuskure a wayoyi dikoda takan tsira. Sabuwar dikoda tana zuwa da adireshi 3. Gajeren adireshi, daga 1 zuwa 127, a CV1 ake rubuta shi. CV gurabe ne masu lamba a cikin dikoda inda ake ajiye saitinta. Dogon adireshi yana shiga CV17 da CV18, sannan a ƙara 32 a kan abin da ke CV29. Yawancin na'urori suna yi maka lissafin, amma idan taka ba ta yi, ga shi: raba adireshin da 256, ka ƙara 192 a kan amsar, shi ne CV17, ragowar kuma CV18. Adireshi 1234 ya ba da sau 4 da ragowar 210, wato CV17 ya zama 196, CV18 ya zama 210.

Da wuya ka tsallake wannan: na'ura ta ce ba ta ga dikoda ba. Kada hankalinka ya tashi. Dikoda tana amsa wa na'ura ne ta hanyar jan wuta kusan miliamfiya 60 na ɗan ƙiftawar ido, kuma dikodar kan jirgi da motarta take yin haka. Taka ba ta da mota, fitilunka kuma miliamfiya 5 suke ci. Sau da yawa rubutun ya shiga, amsar ce ba ta iso ba, don haka mayar da taragon babban layi ka kira sabon adireshin ka gani. Idan kana son karatu ya yi aiki, jona rezisto mai ohm 150 zuwa 180 na wucin gadi tsakanin shuɗiya da fara, dikodoji da yawa ta nan suke amsawa. Ga tsohuwar dikodar kan jirgi, tsakanin ruwan lemo da ruwan toka za ka sa shi. Cire shi kafin ka koma babban layi, zai yi zafi sosai idan aka bar shi a kunne.

Ana iya saiti a babban layi ma, inda ba a bukatar amsa, amma ka tuna duk abin da ke da adireshi 3 a layin zai karɓi rubutun tare da taragonka.

Wane adireshi za ka ba shi? Idan ka ba shi na kan jirgin da ke jan sa, ba sai ka sauya lamba a hannu ba, amma a kan jirgi mai sauti F1 da F2 suna da aikinsu, sai ka tarar kana kunna fitila da ƙarar inji tare. Na fi ba kowane jeri adireshinsa, duk taragun jerin lamba ɗaya, maɓalli ɗaya ya kunna su. Idan ka riga ka liƙa fitilu a farar waya kuma ba ka son warwarewa, a dikodojin da ke bin jadawalin NMRA ka rubuta 1 a CV33 da 1 a CV34, farar za ta kama ko ina aka dosa. ESU da wasu suna da nasu tsarin, haka nan CV na rage haske ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka takardar dikodarka ce abin bi. Manhajar DecoderPro ta JMRI kyauta ce, tana nuna waɗannan da sunayensu idan na'urarka tana haɗuwa da kwamfuta. In komai ya cakuɗe, dikodoji da yawa suna komawa yadda suka fito idan aka rubuta 8 a CV8, amma ba duka ba, duba takarda tukuna.

Mataki na 8: Kafasito mai hana ƙiftawa

Komai kyawun gogar taya, akwai ɗan lokacin da wuta za ta yanke. Kafasito shi ne ɗan rumbun da ke cike wannan giɓi. Mai mikrofarad 1000 yana riƙe fitilu masu cin miliamfiya kaɗan kusan rabin daƙiƙa, wanda ya isa a haye mahaɗar layi. Da ka bar zaren yana cin 100, wannan kafasiton ba zai yi maka komai ba. Ka ga amfanin rezistan mataki na 5.

Nemi wurin − na dikoda, wanda takarda ke kira GND, ko ɗan fili ne na dalma ko waya. Ƙafar kafasito mai ratsi a gefe ita ce −, can za ta. Ƙafar + ba ta zuwa shuɗiya kai tsaye. Ka haɗa rezisto mai ohm 100 da dayod 1N4007 gefe da gefe, kai da kai, ƙafa da ƙafa, ka sa su tsakanin ƙafar + da shuɗiya, zoben dayod yana fuskantar shuɗiya. Wuta za ta shiga kafasito a hankali ta rezisto, ta fito da sauri ta dayod. Idan ka tsallake wannan, kafasito fanko yana zuƙar wuta da ƙarfi lokacin kunna layi, kuma taragu biyar ko shida sun isa su sa na'urar umarni ta ɗauka wuta ce ta haɗu, ta yi ta ɗaukewa. Wasu dikodoji da wasu kafasito na musamman sun zo da wannan tsari a ciki, su sai ka bi takardarsu.

Duba fuskar kafasito sau biyu. Wanda aka juya yana kumbura ya fashe, kuma mai volt 16 a layi mai 15 ko 16 yana bakin rami ne kullum. Idan babba ɗaya ba zai ɓuya ba, jera ƙanana biyu ko uku, + da +, − da −, ƙarfinsu yana taruwa.

Idan dikodarka ba ta da wurin −, akwai dabara. Daga shuɗiya sa dayod, zobensa yana kallon ɓangaren rezisto, sai rezisto 220, sai ƙafar + ta kafasito, ƙafar − kuma ta tafi koriya. Fitilu da rezistonsu sai su ɗauki wuta daga ƙafafun kafasiton. Fitilar za ta riƙa mutuwa a hankali idan ka kashe, kuma rage haske ta CV ba zai yi aiki sosai ba, da rezisto za ka daidaita.

Idan kuwa dikodar ce babu gaba ɗaya, haɗa dayod huɗu su zama gada mai miƙar da wuta, ko ka sayi haɗaɗɗiya. Ja da baƙa su shiga ƙafafu masu alamar ~, daga ƙafar + sa rezisto 100, sai kafasito, sai rezistan fitila. Zai yi haske muddin layi na kunne, kuma ranar da ka sami dikoda, gadar kawai za ka cire.

Mataki na 9: Gwaji kafin rufewa

Kada ka mayar da gangar jiki tukuna. Goge tayoyi da auduga da sifirit, ka goge layin ma, ka sa kan jirgi ya ja taragon a hankali ƙwarai ta kowace mahaɗa da kwana mafi tsanani, gaba da baya. Bayan minti goma taɓa dikoda da rezisto. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma zafin da yatsa ba ya jurewa alama ce wani abu yana cin wuta fiye da kima.

Idan fitila ba ta kama sam, auna volt tsakanin shuɗiya da koriya, mita tana kan wuta miƙaƙƙiya, F1 a kunne. In ka ga 12 zuwa 14, dikoda lafiya take, fuskar LED ce ta juya ko dalma ba ta kama ba. In ba ka ga komai ba, koma kan adireshi da gogar taya. Kada ka dogara da abin da mita ta gama-gari ke nunawa idan ka auna layin kansa, ba a yi ta don irin wannan wutar ba, takan ba da lamba marar kan gado.

Idan yana ƙiftawa a kwana kawai, waya ce ke ɗaga ƙafa ko goga ke barin taya idan sanda ta matsa gefe. Idan a ko'ina ne, datti ne, ko dayod ɗin kafasito ya juya. Idan na'ura tana ɗaukewa a mahaɗa guda, auna tazarar bayan tayoyin da ka canja, wataƙila bayan wata taya yana taɓa dogon da ba nata ba.

Wajen rufewa, kwantar da wayoyi a kusurwar bango inda taga ba ta nuna su, ka lura kada ƙugiya ta datse ɗaya, ka sake gwadawa bayan ka ji ƙugiyoyin sun shiga. Rubuta adireshin da lambar rezisto da fensir a ƙasan taragon, domin na gaba ya fito da haske iri ɗaya. Bayan 'yan makonni na gudu za ka ga baƙin abu ya taru a bakin wayar tagulla da bayan taya. Ɗan tsinke mai auduga da ɗigon sifirit ya isa, ka juya tayar da yatsa har audugar ta daina baƙi, kuma kada ka sa mai a wurin gogar.